Hannun Da Ya Ƙi Karɓar Kolanya

"Buɗe bakinka, Rabo."

"Haba Zinariya, me ya yi zafi..."

"Na ce ka buɗe ka huro mini iska!"

Ni Rabo! Ni da na tako daga Damagaram har bakin teku da ƙafafuna ina ɗan shekara tara. Ni da na binne uwata a hanyar Sudan ban zubar da hawaye ba. Ni da nake tuƙa babbar mota cike da siminti tsakanin Yanbu da Madina, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Sai ga ni da rana tsaka a cikin ɗakina, na kasa buɗe baki a gaban matata.

Kwalbar kolanya ce a hannunta, irin mai ƙamshin lemon nan da ake zuba wa baƙi a tafin hannu bayan an ci abinci. Babu ko ɗigo a ciki.

"Ta uku ke nan a wata ɗaya," ta ce. "Ba mu yi baƙi ba. Ni ba na shafawa. Rigarka warin man mota take yi... ƙamshin a bakinka yake, ya Rabo. A bakinka!"

Bari in yi wa wanda bai ga zamanin ba bayani. Shekarar Hijira 1401 ce, lokacin da ake ta gine-gine a Yanbu. A can na koyi sha wajen abokan aiki, wani ruwa mai sa maye da suke haɗawa a ɓoye suna ce masa siddiƙi. In na dawo Madina ba ya samuwa, sai ƙishin ya nuna mini kolanya, wadda take a kowane kanti. Wanda aka kama kuwa bulala ce. Irina mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, bayan bulala sai tarhil, a saka ka a jirgi a mai da kai ƙasar da ka baro kana yaro. Zinariya ita 'yar ƙasa ce, kakanta ya zo Hajji tun zamanin Turkawa bai koma ba.

"Zinarena, hasken idona, saurara mana..."

"Kar ka kira sunana da wannan bakin!" Ta ja baya. "Da ma na daɗe ina tambayar kaina. Shekara biyu rabonka da shiga cikin Harami. Kullum ka rako ni sai ka tsaya a rumfunan waje, ka ce ciki ya cika. Ashe ba cika ya yi ba."

Nan ta taɓa ni inda yake ciwo. Mutane suna sayar da gonakinsu a Kano don su zo su yi wa Manzon Allah sallama sau ɗaya a rayuwa. Ni ina kwana ina tashi a garinsa, amma ko koriyar ƙubbar nan na hango sai in sunkuyar da kai. Da wane bakin zan ce masa assalamu alaika?

Ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. A bakin ƙofa ta juyo, idanunta jawur.

"Ba zan faɗa wa Baba ba. Wallahi ko yanka ni za a yi ba zan tona maka asiri ba. Amma ranar da ka iya shiga Harami ta ƙofar Babus Salam, ka tsaya a gabansa ka yi sallama, ka zo gidanmu a Khalidiyya ka same ni. Kafin nan... khalas, shi ke nan."

Ta tafi. Ɗakin ya yi mini faɗi kamar sahara.

Bayan mako biyu mahaifinta ya aiko kirana. Ammi Abdussamad, haka nake ce masa, mutum ne da ba ya maimaita magana.

"Yarinya ta ƙi faɗa, kai ka ƙi faɗa," ya ce. "To 'yata ba kayan alhazai ba ce da za a bar mini ajiya. Kafin watan Rajab ya kama, ko ka zo biko, ko ka zo da takardarta."

Wata biyu ke nan ba cikakku ba.

Kar ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na dafa Alƙur'ani na rantse, rantsuwar ta yi kwana uku. Na je wajen malami ya yi mini rubutu, na sha rubutun da safe, da yamma na kora da waccan. Asibiti kuwa tsoro nake ji kar likita ya miƙa ni. A tsakanin nan Sabo, direba ɗan'uwana da muke sha tare, ya wayi gari idonsa ba ya gani, bai kuma sake gani ba.

Wani makaniki ɗan ƙasar waje ya taɓa gaya mini a Yanbu cewa a garinsu mashaya sukan taru su riƙe juna har su bari. A lokacin dariya na yi. Yanzu kuwa na soma nema kamar mai neman ɓataccen ɗa. To amma a wane layi za ka tsaya a Madina ka ce, jama'a, ina masu shan turare suke taruwa?

A wajen walimar suna Allah ya kawo mini amsa.

An ci shinkafa da naman rago, an wanke hannu, sai mai gida ya taso da kwalba yana bin sahu. Kowa ya buɗe tafinsa, a zuba masa, ya shafa a gemu ya yi salati. Da aka zo kaina na tara hannu biyu. Na kai su hanci... na manta da sauke su.

Dattijon da ke gefena kuwa, da aka zo kansa sai ya dunƙule hannuwansa ya cusa a hammata.

"Allah ya saka da alheri, ina da uzuri," ya ce.

Da muka fito muna laluben takalma sai na ji shi a bayana.

"Ɗan'uwa, kai shaƙa kake yi, ba shafawa ba."

Na zabura. "Baba, ka san da wa kake magana kuwa? Ni ne Rabo, wanda..."

"Ko kai ne wa. Ni Idrisa, shekara tara rabona da ita, kuma har yau ban yarda da tafin hannuna ba."

 Na duba dama, na duba hagu.

"Bar waige-waige, ba askari ba ne ni, ba kama ka zan yi ba," ya ce. "Gadin gonar dabino nake yi a Aƙiƙ. Gobe bayan Asuba ka zo. In ka ji ƙarar injin ban ruwa, bi ta."

Na je. Rana ba ta gama fitowa ba, ruwa yana gudu a ƙarƙashin dabinai, injin yana ta ruri. Daga baya na gane don me ake kunna shi: wanda ke wucewa a hanya ba zai ji abin da ake faɗa ba.

Mutum shida ne a kan tabarma, da butar shayi a tsakiya. Akwai Bayamale, akwai mai gasa gurasa ɗan Bukhara, akwai Ba'indiye ma'aikacin asibiti. Har da wani haifaffen Madina mai farar riga ƙal, wanda in na gamu da shi a kasuwa ni zan kauce masa hanya. Babu wanda ya tambayi sunan ubana ko takardata.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa magana, kowa da irin Larabcinsa. Wannan ya ce ya sayar da awarwaron matarsa. Wancan ya ce 'yarsa ta taɓa samunsa kwance a bayi. Ba mai ce wa wani a'uzu billahi. Ni na ga teku, na ga ranar Arfa, amma ban taɓa ganin abin al'ajabi irin maza shida suna kwance wa kansu zane a gaban juna ba, kowa kuma yana tashi da mutuncinsa.

Da aka zo kaina na ce, "Ni ai ba irinku ba ne. Ni in na ga dama gobe zan bari, ni da na tako daga..."

Suka kwashe da dariya gaba ɗaya.

"Dukanmu mun tako daga wani wuri," in ji Idrisa. "Faɗa mana sunanta."

"Sunan wa?"

"Wadda ta tafi."

Na buɗe baki in ce Zinariya, sai kuka ya riga sunan fitowa. Kukan da ban yi wa uwata ba, shi na yi a gindin dabinon nan, injin yana rufa mini asiri.

Da na lafa Idrisa ya ce, "Alhazai in sun zo garin nan, salla nawa suke yi a Harami kafin su tafi?"

"Arba'in."

"To kai ma baƙo ne daga yau. Ba mu ce ka bari har abada ba, wannan maganar ta fi ƙarfin bakinka. Daga Asuba zuwa Azahar kawai. In ka kai Azahar lafiya, ka jefa ƙwallon dabino ɗaya a aljihu, ka nemi La'asar. Yi sallarka a rumfar waje inda ka saba. Ranar da suka cika arba'in, ni zan riƙe hannunka mu shiga."

"Kai naka nawa ne, Baba?"

"Sun kusa dubu goma sha shida. Buhu na yi musu."

Na ajiye mota, na ce wa mai gidan aikina ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Kwanakin farko jikina ya riƙa karkarwa kamar motar da ta ƙi tashi. Ba'indiyen nan shi ya riƙa zuwa yana duba ni, don ya ce jikin da ya saba yana iya kayar da mai shi in an yanke masa kwatsam.

Zan so in ce muku tashi ɗaya na kai arba'in. To ban kai ba. A ta goma sha bakwai na faɗi. Washegari na je Aƙiƙ na zazzage aljihuna a kan tabarma, ina jiran zagi.

Bayamalen ya tura mini kofin shayi. "Ni sau huɗu na zazzage nawa," ya ce. "Azahar tana nan zuwa."

Na sake farawa. A ta talatin da uku na shiga wajen mai aski don in gyara kaina saboda babbar rana. Ya aske mini rabin kai ke nan, sai na hango shi a madubi ya ɗauko kwalba zai shafa wa na kusa da ni. Ƙamshin ya bugi hancina. Jama'a, na san gudu, amma irin na ranar ban taɓa yi ba! Da ƙyallen askin a wuyana, rabin kai fes rabi gashi, na ratsa kasuwa mutane suna ta nuna ni. Ban tsaya ba sai gonar Idrisa.

Ya dube ni, ya dubi kaina, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ka sha?"

"Ban sha ba!"

"To zauna in ƙarasa maka da wuƙar dabino. Yau ka fi kowa kyau a Madina."

Ta arba'in ta faɗo a kan Asuba. Da aka sallame, Idrisa ya kama hannuna kamar makaho, muka nufi Babus Salam.

A bakin ƙofar ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

"Baba, in ya san abin da na yi fa?"

"Garinsa ka zauna kana yi. Yanzu ma wajensa za ka. Taka."

Na taka. Sanyin ƙasan ya shiga tafin ƙafata ya hau har ƙirjina. Ginshiƙai jere-jere, fitilu a sama, dubban mutane amma ba ka jin komai sai wani irin gunji mai taushi na salati. Mutane suna tura ni gaba a hankali, ban san ina tafiya ba, sai ga ni a gaban ragar nan mai ruwan zinare da ta kewaye kabarin Manzo.

 Na ji kamar an tuɓe ni, an ga komai, kuma ba a kore ni ba. Da ƙyar na ce, "Assalamu alaika ya Rasulallah... Rabo ne. Na daɗe ban zo ba."

Askarin da ke tsaye a wurin ya taɓa kafaɗata. "Yalla ya hajji, matsa gaba, ba wa wasu wuri."

Ya ɗauka sabon alhaji ne ni, jiya na sauka daga jirgi. Ban ga laifinsa ba.

Juma'ar ƙarshe kafin Rajab muka je biko Khalidiyya, ni da Idrisa a matsayin babbana. Ammi Abdussamad ya tara dattawan dangi, an yanka rago. Har da yayan Zinariya, Sharfuddeen, yana zaune da kakinsa na ɗan sanda, don daga aiki ya zo. Shi irin yaran da aka haifa a nan ne, yana jin Hausa tsaf amma da Larabci yake ba ka amsa.

An ci an sha, an yi maganganu masu daɗi. Ammi bai ma tambayi dalili ba, ya ce tunda na zo shi ke nan. Na soma jin na tsira.

Sai ya tashi da kansa, bai aiki kowa ba, ya ɗauko kwalbar kolanya. Dattijo ya zuba maka turare da hannunsa a gaban jama'a, a nan babu girmamawar da ta kai wannan. Ma'anarta komai ya wuce.

Idrisa ya dunƙule nasa, aka wuce shi, tsoho ne. Sai Ammi ya tsaya a gabana.

"Faddal, ya waladi, bismillah ɗana. Tara hannunka."

Ƙamshin ya riga ya cika mini kai. Na ji maƙogwarona yana buɗewa. Na san kaina, in ruwan nan ya taɓa tafina yau, kafin Magariba ina kanti. Na dunƙule hannuwana na cusa a hammata.

"Allah ya saka da alheri, Ammi... ina da uzuri."

Ammi ya janye kwalbar.

"Wane uzuri?" Fuskarsa ta sauya. "Ka ci shinkafata, ka zo neman 'yata, turarena ne hannunka ya fi ƙarfi? A gaban 'yan'uwana za ka mayar mini da shi?"

"Karɓi mana, yaro!" wani dattijo ya ce. "Aib ne wannan!"

Na dubi Idrisa, ya sunkuyar da kai. Na dubi kakin Sharfuddeen. Na dubi labulen da ke tsakaninmu da mata, na ga yatsun ƙafa a ƙarƙashinsa da jan lalle. Ko cikin ƙafafu dubu zan gane su.

In na karɓa na rasa ta a hankali. In na yi shiru na rasa ta yau. In na faɗa kuwa, ga jirgi can yana jirana.

"Ammi," na ce, "ba raini ba ne. Shanta nake yi."

"Me ka ce?"

"Kolanya. Shekara biyu ina shanta. Shi ne abin da ya fitar da 'yarka daga ɗakina, ta kuma rufa mini asiri har a wajenka. Yau salla ɗari da sittin da ɗaya rabona da ita." Na zaro jakar ƙwallayen dabinon na ajiye a gabansa. "Ga su nan, a ƙirga. In ka zuba mini, zan koma farko. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma hannun nan ba zai buɗe ba."

Wani ya yi salati. Duk idanu suka koma kan Sharfuddeen.

Ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa. Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce da Larabci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni fa kun sani ba na jin Hausa. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Bari in je in duba motata."

Ya fice.

Ammi yana tsaye da kwalba a hannu. Kafin ya ce komai labule ya ɗaga. Zinariya ce, lulluɓe da mayafinta, a gaban dattawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Buta a hannu ɗaya, a ɗayan kuma tasa da lemon tsami yankakke biyu.

Ta durƙusa a gabana.

"Kawo hannun."

Na fito da su. Ta buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta murza mini lemon a tafi, ta zuba ruwa. Hawayenta suna ɗiga a cikin tasar.

"Ka shiga?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na shiga, Zinarena."

"Ka yi masa sallama?"

"Na yi. Har na gaya masa sunana."

Ta ɗago ido. "Huro mini."

"A nan? A gaban su Ammi?"

"Na ce ka huro!"

Na hura. Ta yamutsa fuska, ta kau da kai.

"Albasa!" ta ce, dariya da kuka suka haɗe mata. "Baba, wallahi albasa ce zalla!"

Dattawan nan suka kasa riƙe dariya. Ammi bai yi ba. Ya fita tsakar gida, muna ji ya tuttular da kwalbar a magudanar ruwa har ta ƙare. Ya dawo ya ɗauki jakar ƙwallayena, ya auna nauyinta a tafinsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"La'asar ta kusa," ya ce. "Tashi mu je ka ƙara ɗaya. In mun dawo ka ɗauki matarka."

Daga ranar lemo ake yankawa a gidansa, har ya koma ga Allah.

Idrisa yana kwance a maƙabartar Baƙi'a yanzu, gonar ma an yi gidaje a wurin. Amma zaman bai mutu ba, wuri kawai muka sauya. Nawa buhun ya fi nasa girma, wannan kuma ba fariya ba ce, duk mai musu ya zo ya ɗaga. Zinariya ta ce ya cinye mata rabin ɗaki, amma ranar da na ce bari in zubar, saura kaɗan ta sake yin yaji.

Har yau in an gayyace ni walima, aka taso da kwalba, ina dunƙule hannuna. Sannan in bi sahu da ido, ina neman wanda ya kai tafinsa hanci ya manta da saukewa. In na gan shi, sai in riga shi zuwa wajen takalma in jira.